Sunan Yanka

Kwalin farko shuɗi ne, da zanen rana a gefe.
Wata uku cur Marwanu bai faɗi ba.
Na koma Yelwa ranar kasuwa
da kuɗin karfasa a aljihu,
aka miƙo mini fari mai jan layi.
Na ce a'a, ba shi ba ne.
Na san maganin ɗana
kamar yadda na san ɗinkin taruna.

Malama Luba ta sauke tabarau.
"Baba, a bakin ruwa wa ake ce maka?"
Na ce Mai-Taru.
"A gida fa?"
Baban Marwanu.
"Ranar da aka yanka maka rago fa?"
Na yi shiru.
Rabona da jin Isiyaku tun uwata na da rai.

Ta ɗora farce ƙarƙashin manyan baƙaƙe,
inda ƙananan suka laɓe
kamar 'yan kifi a gindin burgu.
"Na sama laƙabi ne, kowane kamfani da nasa.
Ga na yanka: kabamazafin.
Ko a Indiya aka haɗa shi ko a Legas,
da wannan likita ya san shi.
Shi za ka duba, da lambar nan, ɗari biyu.
Launin kwali riga ce."

Ban yi boko ba.
Na sa ta maimaita, na rubuta da ajami a bayan kati,
kaf da ba da mim
suka ɗauki kayan da ba su saba ba.

Wata tsohuwa a benci, hannu a kunci,
ta ce ita ma shi take sha,
ba don farfaɗiya ba:
jijiyar fuska ce ke fizgar ta kamar minjirya
ko da iska ce ta shafe ta.

"Kada ku daina don kun ga sauƙi," in ji Luba.
"In ƙuraje suka feso, ku garzayo.
Ruwa kuma, kada ya shiga shi kaɗai."

Ɗan masunci, a hana shi ruwa.
Na haɗiye wannan ba miyau.

Da la'asar na kwance kwalekwale.
Kwara ta cika, tsallaken da nisa.
Ina tuƙi ina bita don kada ya zube mini a hanya,
gaɓa biyar, filafili biyar:
ka, ba, ma, za, fin.
Can a gaci na hango shi zaune kan turmi,
yana ɗinke inda tarun ya yage.