Akun Oyingbo

Daga Apapa muka ɗaga anga.
Jirginmu ɗan ƙarami ne:
baƙi ashirin da biyu, ma'aikata bakwai.
Ni ne mai yanka albasa,
ɗan Gumel da bai taɓa iyo ba
ko a kududdufin bayan unguwa.

Ikko ta yi ta ja da baya,
doguwar gada ta koma zare, zaren ya tsinke.
Tukunya na rawa a kan murhu,
hanjina na taya ta.
Kyaftin Oladipo ya ce, "Tanimu, tauna citta,
dubi can inda sama ta durƙusa,
ka daina ƙirga igiyar ruwa."

Rana ta huɗu tsibiri ya ɓullo,
tozon raƙumi ne, amma kore shar,
gajimare ya kafa masa hula.
Ba titi, ba oda, ba ɗan kamasho.
Kafin mu sauka sai da kowa ya goge takalminsa,
wai kada ƙwayar ciyawar wani gari
ta sami ƙofar shigowa.

Da dare aka kashe fitilu.
Uwar kunkuru, bayanta ya kai daron wanki,
ta jawo jiki bisa rairayi,
ta tona, ta yi nishi, ta soma zuba ƙwai,
idonta na tsiyayar gishiri.
Wata tsohuwa mai sanda ta kama hannuna,
ta ƙirga da harshenta, na ƙirga da nawa.
Ɗari da sha ɗaya.
A nan muka haɗu, babu mai fassarawa.

Da asuba na shimfiɗa darduma a gindin jirgi,
allurar kyaftin ce ta nuna mini alƙibla.
Ina sallamewa sai ga su,
garke guda, ruwan toka,
kowace wutsiya garwashi ce da iska ke hurawa.
Suka ratsa ta kaina suna kuwwa,
ba sallama, ba zagi, ba sunan kowa.
Ashe aku yana da bakin kansa!
Shekara arba'in ina zaton
Allah ya halicce shi ne don maimaitawa.

Baƙi suka ɗaga madubin hangen nesa.
Ni ba ni da shi.
Albasa ta riga ta wanke mini ido.

Jiya na shiga kasuwar Oyingbo
sayen tattasai na tafiya mai zuwa.
Tsakanin mai doya da mai cajin waya
ga keji na waya, ga shi a ciki,
fiffike a datse, wutsiyar ta dushe kamar tsohon jan kyalle.
Ya dube ni ya ce, "Oshodi! Oshodi!"
Mai shi ya yi dariya, ya faɗi kuɗi,
albashina na wata biyu da 'yan kai.
"Har Yarabanci yana ji," in ji shi, yana taƙama.

Na ajiye kwando.
Na tattara leɓe, na yi masa kukan nan na tsibiri,
iyakar abin da kunnena ya riƙo.
Ya yi tsit.
Ya karkata kai, ƙwayar idonsa ta tsuke,
har na ji zuciyata ta tsaya.
Can ya buɗe baki ya ce, "Ba canji."

Na ɗauki tattasaina, na shiga danfo.
Kwandasta ya tambaye ni inda zan sauka.
Na amsa masa da harshensa,
tsaf, ba ko tuntuɓe,
yadda shekara goma sha tara suka koya mini.
Sai da muka hau gada, ruwa ya buɗe ta dama,
na ji ina neman wata kalma ta Gumel
da kakata ke kiran kaji da ita,
na lalube bakina, ban same ta ba,
motar kuwa ba ta tsayawa.