Bututun da ya dawo maƙera

A cikin tsumma aka kawo mini ita, ranar Lahadi,
kasuwar Tawa na tsakiyar ci.
Ƙanen Arzika ya dire ta gaban uwar maƙera,
bai ce uffan ba, bai zauna ba.
Na kwance ƙulli. Aikina ne.
Ko cikin duhu yatsuna sun san shi:
ƙotar ƙirya, zoben tagulla uku,
irin ta kakana Jadi
da ke rataye har yau a ɗakinmu na Barmu.
Ita na kwaikwaya, taƙi da taƙi.
Ga ta yanzu, gindi a tsage
kamar karan takanɗa da aka ɓare da haƙori.

Kafin la'asar magana ta kai tasha:
Tankari ya tsufa, ƙarfensa ruɓaɓɓe ne,
Tankari ya ci yatsun ɗan mutane.
Ban tanka ba.
Na ɗaga bututu na leƙa shi ta hasken ƙofa,
na zura ɗan yatsa, na fito da shi fes.
Na kai hanci.
Ina warin baragurbin da albarushinmu ke bari?
Ina baƙin da ke ɓata riga?
Babu. Tas, kamar an yi mata wankan gawa.

Nan na gane abin da ta ci.

Shi ya faɗa mini da bakinsa, kwana tara baya,
a gadon likita, hannun hagu cikin farin ƙyalle.
Ya gaji da hayaƙi, in ji shi.
In ya harba a bakin tabkin Tabalak
gajimare ke tsaya masa a ido,
kafin ya yaye, bai san inda dinya ta faɗi ba.
Ya gaji da wankin bututu kowane dare.
Wani direba ya ba shi kartushi biyar na zamani,
ya ɓare su da wuƙa a kan faranti,
ya auna da ƙahon da yake awo kullum.
Awo ɗaya ne, Baba, ban ƙara ko ƙwara ba.

Awo ɗaya!
Ludayin kunu da ludayin dafi
ai duka ludayi ne, Arzika.

Namu, na gawayi da farar wuta,
tura yake kamar takarkari a gona,
yana gurnani, yana gaya wa kowa ga shi nan.
Wancan ba ya sallama.
An yi shi don ƙarfen da aka narka a wata ƙasa,
aka gwada, aka buga masa hatimi.
Ni zugazugin fatar akuya gare ni.
Na san iyakar wutata,
ita ma bindigar ta san tata,
ba a dai tambaye ta ba.

Laifina ɗaya, kuma ina ɗauke da shi:
ranar da ya biya ni jika goma sha biyu
na nuna masa ɗuri, na nuna masa kunama,
na ce kada ya bar ta kusa da yara.
Ban ce kada ya canza mata abinci ba.
Na ɗauka kowa ya sani.

Yatsa biyu da rabi suka rage masa.
Babur ɗinsa na kabu-kabu yana jingine a zaure,
kaji sun fara kwana a kai.

Bututun ban mayar da shi wuta ba,
ko da zai ba ni lauje biyu.
Na rataye shi a bakin ƙofa, daidai goshi.
Duk mai shigowa neman bindiga
sai ya sunkuya, ko ya yi karo da shi.
In ya tambaya, in ajiye masaba, in ce zauna.