Kwalabe Goma Sha Biyu

A Tromsø rana ta yi yaji tun ƙarshen Nuwamba,
sai Janairu za a je biko.
Da hantsi wani shuɗin haske kan leƙo ta bayan duwatsu,
ya ga ba kowa, ya koma.

Cikina wata takwas da mako biyu.
Gunvor, ungozomata, ta ba ni kwalabe goma sha biyu,
kowacce ba ta fi ɗan yatsa ba,
da audugar da zan tauna in mayar ciki.
"Da kin farka, ɗaya. Bayan rabin awa, ɗaya.
Kofi ya jira."
Ga yawuna nan a firiji, jere kusa da man shanu,
kowanne da sa'arsa a goshi.

Ta ce gab da asuba wani sinadari ke cikowa a jini,
kotizol, mai kwance wa jiki ɗaurin barci,
ya yi tudu, da yamma ya janye
kamar ruwan teku a gindin gadarmu.
Ɗan'uwansa melatonin kuwa sai duhu ya yi yake fitowa.
Na ce, wane duhun? Nan ai duhu ba ya tashi aiki.
Ta taɓa goshina: mai ƙirgar yana ciki,
yakan yi tuntuɓe, amma bai cika ɓata ba.

Ƙarfe uku na dare.
Eilif na can teku bayan kifi,
gefensa na gado ya yi sanyi ƙalau.
Marata ta ɗaure tamau kamar fatar ganga,
na ƙirga ashirin da bakwai,
ta saki.
Gwaji ne, in ji Gunvor. Mahaifa da dare take bita,
shi ya sa naƙuda ta fi son ƙwanƙwasa ƙofa
sa'ad da gari ya yi tsit.

Ke da ke ciki,
ba ki taɓa ganin rana ba,
bana ni ma haka.
Amma ta igiyar cibiya nake aiko miki da lokaci,
ɗigo-ɗigo: yanzu dare ne, yanzu safiya,
ke kuma ki amsa da diddige ƙarƙashin haƙarƙarina,
ba kullum a kan kari ba.

Motar share ƙanƙara ta wuce, fitilarta ta lashi labule.
Jakar asibiti na bakin ƙofa, safa ɗaya ta leƙo.
Kwalba ta tara na manta da ita jiya.
Na ɗauki ta goma,
na rubuta shida saura kwata,
na tauna audugar a tsaye, cikin duhu,
ina jin wani abu na tasowa
wanda taga ba ta sani ba tukuna.