Dabon Tela

Ni tela ne a Ƙofar Wambai, ba boka ba,
ban gaji layar zana ba, ban sha rubutu ba.
Amma da an ɗauke wuta a gidanmu na Yakasai
sai yara su yanyame ni kamar ƙuda ya ga rake:
"Baffa, yi mana dabo!"
Ni kuwa ban taɓa shiryawa ba.

Abin da hannu ya tarar shi ne kayan aiki:
murfin lemo, ƙwallon dabino, tsinken ashana,
maɓallin da ya faɗo daga rigar wani alhaji
wanda har yau bai biya kuɗin ɗinki ba.

In sa maɓalli a tafin hagu, in dunƙule,
in ce Haladu ya hura masa iska.
Ido yana bin hannu mai surutu,
mai shirun kuwa tuni ya yi sata.
In buɗe, wayam!
In zaro shi daga bayan kunnen Zinatu,
in ce, "Yaushe rabonki da wanke nan?"
Dariya har Iya ta leƙo daga ɗaki:
"Za ka bar su su ci tuwo, ko ba za ka bari ba?"

Wata rana murfi ya zame daga hannun riga,
ya daki siminti, ƙwal.
Haladu ya gani, ya taka shi da silifa,
ya kalle ni, na kalle shi.
Bai tona ba.

Wanda suka fi so shi ne na zare.
In warware fari kamu ɗaya,
in tsinka shi gutsi-gutsi a gabansu,
in murza, in ja a hankali,
ya fito guda, sumul, babu ƙulli.
Asirin? Wani zaren na naɗe a lungun yatsa tun farko.
Guntayen suna nan. Ban haɗa komai ba.

Daren sunan ɗan Mansura gida ya cika,
janareton maƙwabta yana tari, fitilar waya a kan turmi.
Yaya Tasi'u a bakin zaure,
Yaya Mamuda can gindin rijiya.
Shekara uku ke nan, tun rabon gadon shagon Kurmi,
ko gaisuwar Juma'a ba ta haɗa su ba.

Na yi na zare. Aka tafa.
Sai Zinatu ta riƙo gefen rigata
da muryar nan tata da ba ta san raɗa ba:
"Baffa, tunda kana haɗa abin da ya tsinke,
ka haɗa Abbana da Baba Mamuda mana."

Tsakar gida ta yi tsit, har ludayi ya tsaya a kwano.
Guntayen zare sun jiƙe da gumi a tafina.
Me zan ce wa 'yar shekara shida?
Baffanki maƙaryaci ne mai saurin yatsu?

Na ce, "Wannan dabon sai da mataimaka biyu."
Na ja zare daga zaure har rijiya,
na ba wannan baki, na ba wancan baki.
Idon yara ya sa suka karɓa.
Na ce, "Kowa ya naɗe a yatsa, kar ya tsinke."
Suka soma. Zare yana gajarta.
Tasi'u ya miƙe, don babu yadda zai yi,
Mamuda ya matso taku ɗaya yana hararata.

Sai aka kawo wuta.
Yara suka sa ihu, suka kwasa gaban talabijin,
aka bar dattawa biyu a tsakiyar haske,
kamu biyu tsakaninsu, kowa da yatsa a ɗaure.

Ban ce sun shirya ba.
Na dai ji ɗaya ya ce, "Ka rame."
Ɗayan ya ce, "Kai ma."
Na zuba guntayena a aljihu, na tafi wajen mai shayi.
Har na fita, zaren bai tsinke ba.