Gadon Jatau

Shekara talatin da ɗaya ina zaune
gindin dalbejiyar bakin kotu, a Magajin Gari,
ni da tafireta mai tari kamar tsohon mashayin taba.
Ba ta da ƙugiya ko ɗaya.
In ta buga kafa, ni ke bin ta da biro
in lanƙwasa wa harafin kai, ya zama ƙafar takawa.
Ran da na manta,
makiyayi ya ɓata gona,
takardata ta ce ya bata,
washegari matar ta zo karɓa.

Ƙugiya dai hannu na gyara ta.
Akwai abin da tawada ba ta ɗauka.

Wata Talata, ana yayyafi,
Delu da yayanta Cindo suka zo daga Kakuri,
lema ɗaya, ba mai kallon wani.
Suka shimfiɗa mini takardar ubansu,
Jatau na masaƙa, kwanansa arba'in a ƙasa.
Layi guda, hannun yana karkarwa:
Na bar wa Delu gado.

Cindo ya karanta, ya gutsure farkon kalmar
kamar mai tsallake kwata,
sai ga tsohon ƙarfe da katifar rimi,
ƙafa ɗaya a kan bulo.
Delu ta karanta, ta ja, ta sauke murya a ƙarshe,
sai ga gida mai ɗaki shida,
ga shago, ga fili a Rigasa.
Harafi huɗu. Ba wanda ya ƙara ɗigo.
Tsakanin makwanci da dukiya
rabin numfashi ne kawai.

Suka ce, Malam, kai ka ci boko, wanne ne?
Na ɗaga takardar ga haske
kamar mai duba jabun kuɗi.
Harshen nan namu, rabinsa a maƙogwaro yake kwana.
Kuka a ido, kuka a miya.
Wuyan da ake rataya wa sarƙa, wuyar da ake sha.
Fari na riga, fari na shekarar da sama ta ƙi,
fari masu sauka kan gero.
Mai rai ya faɗa, ko ɗan yaye ya gane.
Jatau ya tafi da gyaɗar,
ya bar mana ɓawo.

Shekwolo mai gyaran agogo, teburinsa na jikin nawa,
bai ko cire gilashi daga ido ba, ya ce:
Ku kun ce sunan garin nan taron kada ne,
mu Gbagyi mun ce kogi ake nufi.
Tun kakanni ba a raba gardamar ba,
ga shi kowa na shiga mota ya ce Kaduna.

Ba wanda ya yi dariya.
Ruwa yana ɗiga daga ganye kan kabon.

Can Delu ta ce, alƙali zai raba gida yadda shari'a ta ce,
na san wannan tun daga gida.
So nake in ji me ya ce.
Wata tara ina juya shi a kan ƙarfen nan,
ni na sa bulon.
Ta sake karantawa a hankali,
wannan karon ba ta ja ba.

Cindo ya dubi takalminsa.
Ya karɓi takardar, ya goge hanci,
ya karanta,
ya ja, ya ja, har muryar ta tsinke.

Na buga musu kwafi biyu.
Na ɗauki biro don sabo, na bi layin,
babu inda zan sa shi.
Naira ɗari biyar, na ce.
Cindo ya biya. Delu ta buɗe lema.