Sha Ɗaya Bisa Ɗari

Ran Laraba bayan isha'i,
in an yi sa'ar wuta a Gwale,
Tasalla kan rage mini muryar rediyo,
ta ce, "Kaka, zo ga mutanenka."

Mutanena! Zane ne mai motsi.
Maigidan kansa kamar tulu,
wuya kamar sillen kara,
direban adaidaita, wai shi Barmo.
Duk mako sai ya yi ɓatan kai
ya faɗa ƙarnin da ba nasa ba,
shi da matarsa, da yara uku,
da akuya mai tabarau.

Wancan makon kwangilar ganuwa aka ba shi.
Ya karɓi kafin alƙalami, wuri buhu tara,
ya jera tubali bakwai,
ya kafa allo: AIKI NA TAFIYA.
Mahara suka iso, suka karanta,
suka ce to, ma dawo in an gama.
Tasalla ta ƙyalƙyale don akuya ta cinye allon.
Ni tawa dariyar ta riga tata isowa.
Ɗaki ɗaya, dariya biyu,
tsakaninsu shekara sittin.

An yi na fataken Gwanja,
jaki ya toge a dokar daji
wai sai an ƙara kuɗin mai.
An yi na Ƙofar Mata,
Barmo ya zame cikin rijiyar baba,
ya fito shuɗi har kunne,
Buzaye suka hau tayawa.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli,
ina jero sarakuna kamar mai ƙirgen awaki.
Ba yaron da ya taɓa tambayata
wa ya ɗauko ƙasar ginin a ka.
Ita ta tambaya,
da lomar tuwo a bakinta.

Sai jiya suka taɓa ni inda ke ciwo.
Wata tsohuwar waƙar wa'azi
da na haddace da tsumagiya a soron Malam,
mai tuna kushewa da ƙarar kwana,
suka sa ta a bakin akuya
tana kukan ƙarewar data.
Na miƙe zan kashe. Na ce wannan rashin ta-ido ne.
Kunne ya riƙe ƙafa.
Karin bai karye ba ko sau ɗaya,
amsa-amon na sauka inda ya saba sauka,
har ɗan numfashin nan na tsakiyar baiti
da Malam ke buga ƙasa a kansa.
Ɓarawo ne, na yarda,
amma ɓarawon gida,
wanda ya san inda ake ɓoye mabuɗi.

Can gaba ta kwashe da dariya har da tuntsurawa,
ni ko ban ga komai ba.
Ta ce wata rawa ce da ake yayi a waya,
"Kaka, ba za ka gane ba."
Sai na ji abin da 'yan bencin baya ke ji.

Sunaye suka fara hawa,
na matso da tabarau.
Rubutawa: Nafi'u Ɗan'azumi Yakasai.

Aji uku, bakin taga,
mai zanen jakuna a bangon littafi,
ɗaya jakin ma da hulata.
Sha ɗaya bisa ɗari na ba shi,
na ƙara da jan biro: Ba ya sauraro.

Yau da hantsi na ja hannunta
har Ƙofar Na'isa, inda ganuwar ta yi saura.
Ledoji sun maƙale a jikinta,
wani ya yanki gefe ya buga bulo.
Ta ɗaga kai, ta dube ta,
ta ce ta Barmo ma da allo.

Na dafa jar ƙasar, da ɗuminta.
Ban san ofishin da ake zuwa
a gyara maki ba
bayan shekara ashirin da huɗu.