Bango Ɗaya Tsakaninmu

A Sheffield ƙarfe huɗu rana ta yi sallama,
yayyafi na taɓa taga kamar mai jin nauyin magana.
Na dawo daga laccar da ban tsinci komai a cikinta ba.
Malam na bayani, mu tamanin,
kowa ya sunkuyar da kai kamar ana karanto masa laifinsa,
babban yatsa kaɗai ke tafiya.

Gidanmu ɗaki huɗu ne, a wani layi mai hawa:
ni, da Lubabatu 'yar Funtuwa,
da Agnieszka mai karatun haɗa magunguna,
da wata 'yar Kerala da ban taɓa kiran sunanta da baki ba,
na dai san yadda take rubuta shi a waya.

Ni da Lubabatu jirgi ɗaya ya kawo mu.
A Abuja ta riƙe mini jaka na yi alwala,
a sama muka raba kilishi, ta jiƙa mini kafaɗa da hawaye,
muka yi alkawari, ko ana ha-maza-ha-mata,
cin abincinmu kwano ɗaya.

Yanzu bango ne tsakaninmu, ɗan siriri.
Ina jin tarinta, ina jin cokalinta a kofi,
amma in gishirina ya ƙare sai in rubuta mata.
Ta aiko da hoton yatsa a ɗage.
Da safe in tarar da shi a bakin ƙofa
kamar saƙon da aka jefo daga wata duniya.

Ranar Asabar na tuƙa tuwo,
na kaɗa kukar da Inna ta ƙulle mini a leda uku.
Na gyara fitila, na juya faranti, na ɗauki hoto sau tara.
Mutum ɗari da sittin suka yaba.
Ko da na kai loma ya huce,
na ci rabi a tsaye, na juya wa teburin baya.

Inna kan kira bayan isha'insu.
Ta ce, "Wai ina kike kallo ne, Shafa'atu?"
Fuskata nake kallo,
'yar ƙaramar nan da ke maƙale a kusurwa,
ina gyara ɗankwali tana faɗa mini rasuwar Kawu Ɗanjuma.
Na ce Allah ya jiƙansa. Wani saƙo ya faɗo daga sama,
na bi shi da ido, ko kunya.

Mudassir kuwa, a rubuce ya fi kowa baki,
mukan kai biyun dare.
Da ya hawo jirgin ƙasa daga Leeds ya zo,
shayinmu ya yi sanyi a tsakaninmu,
muka rasa ta cewa bayan an zo lafiya.

Sai Laraba, ina kwance ina ta jan hotuna,
na ga hannu da robar ƙarin ruwa.
Na rubuta addu'a, na liƙa jar zuciya, na tura,
har na wuce zuwa bikin wasu da ban sani ba
kafin na gane zoben.
Na kasa kunne ga bango.
Ashe kwana uku ke nan babu tari,
kwana uku, ban ko tambaya.

Da aka sallamo ta na dama kunun gyaɗa.
Taku biyar ne daga ƙofata zuwa tata,
na tsaya riƙe da kwano, na yi sallama,
muryata ta fito kamar ƙofar da ta yi tsatsa.
Shiru.
Sai aljihuna ya girgiza. Na duba: "Ke ce? A buɗe take."

Na tura da gwiwa.
Ta rame. Ta ma yanke gashi, ban san yaushe ba.
Cokali ɗaya na zo da shi, muka riƙa karɓa-karɓa.
Wayar na ta motsi a aljihu kamar ɗan tsako,
na ƙyale ta har kwanon ya ƙare.
Ko zan iya haka gobe, ban sani ba,
iyakar gaskiya.